Kayan Da Ke Ɓoye Tsufansu

Zuwa ga Edita,

Ga wasiƙata ta wannan mako daga Rido, ina roƙo ka ba ta fili yadda ka saba.

Maganar da na ke so in yi da 'yan'uwana malamai da akawuna ita ce ta kayan gida, watau yaushe ya kamata a ce abu ya gama aiki a sake wani. Iyayenmu ba su sha wahalar wannan tambaya ba, gama kayansu ba su ɓoye tsufa. Tabarma in ta mutu kowa ya gani. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta sake tsagewa a ba kaji su sha ruwa. Ni ban ga laifin wannan tattali ba, har ma ina yabonsa, don mai jefar da abin da zai gyaru almubazzari ne.

Amma fa kayan zamani sun zo da wani hali dabam. Akwai waɗansu da su kan mutu alhali fuskarsu tana ƙyalli, kuma a cikinsu haɗarin ya ke.

Ku dubi gidan sauro mai magani. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza masa shi ne ya yi aiki shekara 3, ya jure wanki 20. Bayan nan zare yana nan fari fat, amma maganin ya yi rauni, sauro ya sauka a kai ya ciji yaron da ya jingina hannu, ya tashi lafiya lau. Shanya a rana tana gaggauta mutuwarsa, saboda haka a shanya a inuwa. Wani zai ce da tsohuwar zuma a ke magani. To, zuma aka ce, ba gidan sauro ba! Ga shi kuwa wajen rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya duk a Nijeriya su ke. Sai dai kada a yar da tsohon kafin sabo ya samu, a ɗinke hujinsa, ya fi babu.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne tukunyar gas. Mu mutanen Rido, da mu ke maƙwabtaka da matatar man Kaduna tun da aka buɗe ta a 1980, ai bai kamata wani ya koya mana tsoron abin da ke kama wuta ba. Ba mu kuwa manta da ran 4 ga Janairu 2020 ba, da gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha, a kan hanyar Kachia, hanyar da mu ke bi zuwa gari. Aka yi asarar rayuka, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Wannan a shago ya faru, amma iskar da ta tashi can, irinta ce a madafan matanmu.

Hukumar SON mai duba ingancin kaya ta yanka wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, kuma a sake gwada ta bayan kowace shekara 5. Shekarar da aka ƙera ta a kan buga ta a jikin ƙarfen, galibi a mariƙin da ke kewaye da baki. Don Allah mutum nawa cikinmu suka taɓa sunkuyawa suka karanta? Sau da yawa mutum ya kan sayi ta hannu don araha, an shafe ta da sabon fenti kamar amarya, tsatsa kuwa tana ci daga ƙarƙashi. A karkata ta a duba gindin, can tsatsa ke farawa. In an ga ta ci rami, ko tukunyar ta loɓa, to ta gama aiki ko da shekarunta ba su cika ba.

Tiyon ma haka. A lanƙwasa shi, in an ga tsaga ko ya ƙandare, a sake, kuɗinsa bai kai na jinyar ƙuna ta yini guda ba. Ku sani gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ba ya tashi sama, sai ya kwanta a ƙasa yana jiran ashana. Warin nan da a ke ji da gangan aka sa masa don gargaɗi. Mai zaton yoyo ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa, in ya ga kumfa na tasowa ya rufe tukunyar, ya buɗe ƙofa da taga. Kada ya kuskura ya gwada da wuta.

Roƙona ga malaman makaranta shi ne su ba almajiransu aikin gida, kowane yaro ya karanto shekarar da ke jikin tukunyar gidansu, ya lissafa shekarunta a aji. Akawuna kuwa, ku da kuka saba sa kwanan wata a kan kowace takardar ofis, ku rubuta ranar da aka rataya gidan sauro a bayan ƙofar ɗaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi maganar magungunan da a ke ajiyewa cikin kwalla har wa'adinsu ya wuce. Wassalam.

Naka,
Wani Malami, Rido.