Lafiya Uwar Jiki: Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

Daga Tambuwal har Kebbe, da wuya ki shiga gidan biki ba ki ji wata ta ce "ni fa mai olsa ce" ba. In kin tambaye ta wa ya faɗa mata, sai ta ce mai kemis.

Da yawa daga masu wannan kuka, idan likita ya leƙa cikinsu da na'ura, ba ya ganin gyambo ko ɗaya. Kada kuma maigida ya ce raki ne, ciwon na gaske ne. Tumbi da hanji suna da motsinsu na tura abinci gaba, kuma jijiyoyin da ke kula da motsin a haɗe suke da ƙwaƙwalwa. In motsin ya yi sanyi, loma biyar za ki yi ki ji kin cika, ga kumburi da gyatsa, ko bayan gida ya ƙi fita kwana uku. In ya yi sauri, sai murɗa da zawo. Shi ya sa a 2016 masana suka koma kiran irin wannan ciwo matsalar da ke tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Ɓacin ran kishiya, tunanin cefane, rashin barci, duk ciki yana ji.

To, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini. Tuwon dare ya shiga awa 3 kafin ki kwanta. Ki rage yaji da maiƙo da goro. Mai bushewar ciki ta riƙe zogale da miyar kuka da gwanda, ta sha ruwa sosai, musamman a zafin Afrilu, ta kuma riƙa zagaya tsakar gida bayan cin abinci. Wasu nono ko wake ne ke kumbura su. Ki bar abu ɗaya na mako biyu ki gani.

Jiƙon kanwa kuwa, ni ban yarda da shi ba. Yana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma gishirinsa ya yi yawa, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ibuprofen da diclofenac da ake sha don ciwon jiki kuma, su ne ke iya jawo gyambon na gaske.

Amma in kin ga baƙin kashi kamar kwalta, ko aman jini, ko kina rama ba dalili, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, wannan ya wuce dabarar gida. Ki tafi Babban Asibitin Tambuwal ranar nan, in ta kama su tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.