Ƙarar da Muka Saba da Ita Tana Cin Lafiyarmu

A Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi, da wuya gari ya waye rana ta faɗi kunne ya samu hutun kirki. Janareta na ruri a ƙofar shago, adaidaita sahu na danna oda ko babu kowa a gabansa, samari sun cire wa babur salansa, mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika a kan mota, masu biki kuma sun tare layi da kiɗa har tsakar dare. Duk wanda ya yi ƙorafi sai a ce masa ya yi haƙuri, zaman gari ya gaji haka. Ina ganin wannan haƙuri ya wuce wurinsa. Ƙara mai yawa gurɓata muhalli ce kamar sharar da ake zubawa a kwata, kuma wanda ya sake ta a kan jama'a ya shiga haƙƙinsu.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kusan desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya jure desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da lahani ba, amma da zarar ƙarar ta kai 90 sai lokacin ya dawo awa huɗu kacal a mako. Dalili shi ne can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Mai injin markaɗe, mai walda da yaron shagon da ke wuni kusa da janareta suna asarar jinsu kaɗan-kaɗan, ba ciwo ba jini, sai ranar da suka fara cewa a maimaita musu magana. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar wannan haɗari saboda yadda suke ƙure kiɗa a kunne da wuraren shagali.

Masu cewa ai mun saba, su sani hankali ne ya saba, jiki bai saba ba. Kunne ba shi da murfi irin na ido, ko mutum na barci yana aiki. Ƙarar dare tana katse barci mai nauyi, tana ƙara bugun zuciya, kuma idan abin ya ɗauki shekaru yana taimakawa wajen kawo hawan jini da ciwon zuciya. A 2020 Hukumar Muhalli ta Turai ta ƙiyasta cewa hayaniyar muhalli na jawo mutuwar mutum 12,000 kafin lokacin da ake zato duk shekara a nahiyar, alhali can ana bin dokokin ƙara fiye da nan. Yara ma ba su tsira ba. A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Arline Bronzaft, ta yi bincike a wata firamare da ke gefen layin dogo a birnin New York na Amurka. Ta gano cewa 'yan aji shida da azuzuwansu ke fuskantar jirgi sun koma baya a karatu da kusan shekara guda idan aka kwatanta da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka sa roba a layin dogon, aka gyara rufin azuzuwan, sai bambancin ya gushe. Makarantunmu nawa ne ke bakin titi ko jikin kasuwa, ana kuma zargin yaran da daƙiƙanci?

Wani zai ce ƙasar da ke fama da yunwa, rashin tsaro da rashin wutar lantarki ba ta da lokacin zancen hayaniya, kuma janareta da lasifika hanyar abinci ce ga talaka. Gaskiya ne tela da mai aski ba don sha'awa suke ƙona fetur ba, kuma muddin wuta ba ta tsaya ba janareta ba zai bar mu ba. Amma talakan ne ya fi shan wahalar ƙarar, domin mai hali ya gina katanga, ya sa sola, ya koma unguwar da babu cunkoso. Kuma yawancin gyaran ba ya cin kuɗi mai yawa: a mayar wa inji salansa, a nisantar da janareta daga tagar maƙwabci, direba ya daina oda sai da dalili, a tsayar wa kiɗan biki lokacin tashi.

Batun wuraren ibada ya fi buƙatar natsuwa, domin wasu na ɗaukar duk maganar rage lasifika a matsayin yaƙi da addini. Kiran salla sha'ira ce, babu mai neman a hana shi. Abin dubawa shi ne wa'azi, zikiri ko addu'ar dare da ake ƙure wa murya na awanni, a masallaci ko a coci, alhali a maƙwabta akwai jariri, mara lafiya da ɗalibi mai jarrabawa. A 2021 Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta Saudiyya ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ƙarfinta kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ta kafa hujja da koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa masu ibada kada su dami juna da ɗaga murya. Idan masallatai uku a layi ɗaya suka saki karatu lokaci guda, babu wanda ake fahimta, kuma girmama karatu yana cikin yin shiru a saurare shi.

A nan ne asarar ta fi zurfi. Mu mutanen sauraro ne: ilimi ya zo mana daga bakin malami a zaure, tarbiyya daga tatsuniyar kaka, labarin duniya daga rediyo. Bakanike na gane ciwon mota daga kukan inji, uwa na bambance kukan yunwa da na ciwo. Duk wannan ƙwarewa tana buƙatar wurin da ƙaramin sauti zai iya fitowa. Inda ƙara ta yi yawa kowa sai ya ɗaga murya, na kusa da shi ya ƙara tasa, a wayi gari mun iya ihu mun manta sauraro. Yaron da ya tashi a haka zai sha wuya wajen tattara hankali a aji, ko jin maganar wani har ƙarshe kafin ya ba da amsa.

Doka tana nan. Tun 2009 Najeriya ke da ƙa'idojin ƙayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, kuma a 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda hayaniya. Rufe wuraren ibada ba shi ne matakin da ya dace a fara da shi a Arewa ba, domin muna da masu unguwanni, limamai, fastoci da shugabannin kasuwa da na direbobi waɗanda maganarsu ke da nauyi. Su zauna su tsayar da lokacin da kowace lasifika za ta yi shiru, hukumomin muhalli na jihohi su riƙa auna ƙara a kewayen asibitoci da makarantu, malamai kuma su sanya cutar da maƙwabci da ƙara cikin huɗubarsu kamar yadda suke yi wa tauye mudu. Wanda ya ƙi ji bayan an yi masa nasiha, sai doka ta yi aikinta.