A Ɗaura wa Tarakta Ƙarfe, a Gyara Hanyoyin Ƙauye

Duk ɗan Arewa mai sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Ikko ya san inda asararsa take farawa. Tana farawa ne daga 'yar hanyar burjin nan da ta taso daga fadama zuwa bakin kwalta, inda gargada ke markaɗe tumatir tun yana cikin kwando.

In jama'a suka koka, sai Ƙaramar Hukuma ta ce gireda ta lalace, ko kuwa babu kuɗin haya. Hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 ta buɗe hanyoyin karkara masu yawa, amma buɗewa daban, riƙo daban.

Alhali kuwa taraktocin da suka gama huɗa suna nan a ajiye. Ƙarfen baje ƙasa da ake ɗaura wa tarakta ta baya ba zai fasa sabuwar hanya ba, amma ya isa ya kankare gargada, ya cike ramuka, ya jawo ƙasar gefe zuwa tsakiya domin hanya ta yi doro, ruwa ya gangara lambatu. Lokacinsa ƙarshen damina ne, sa'ad da ƙasa ke da sauran laima. In ta bushe, ƙura kawai za a tayar. Direban da ya shafe hanya bai bar mata doro ba kuwa, kududdufi ya tanadar wa mutane.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taro a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun sun saba tara kuɗin gyaran masallaci da rijiya. Ya kamata su sa wannan ƙarfe cikin lissafi, sa'an nan su matsa wa Shugaban Ƙaramar Hukumarsu ya ba da tarakta da mai kafin a fara ɗibar tumatirin rani.