Ba taurin kai ba ne, JSS 1 ce ta yi masa yawa

1/ Zare. Duk wanda ya sake ce min "ku kai shi makarantar kwana, siniyoyi za su gyara shi", wallahi za mu ɓata. Ƙanena yana da galahanga, wato otizim, kuma bana ya shiga JSS 1.

2/ Ku tuna firamare. Aji ɗaya, malamar aji ɗaya, kujerarsa ya san ta. Sai ga sakandare: darussa birjik, ana kaɗa ƙararrawa wannan malami ya fita wancan ya shigo, kowa da dokarsa. Ga hayaniyar asambuli. Kai da kake garau ma sai da ka ruɗe a satin farko, balle yaron da ko canja masa hanyar gida aka yi sai hankalinsa ya tashi.

3/ Ga matsalar hannu. Rubutu yana ba shi wuya, ɗaure igiyar takalmi ma aiki ne. Kafin ya kwafi layi uku an goge allo. Ranar duba littafi ya sha bulala wai malalaci ne. Ya dawo gida ya shige ƙarƙashin gado, kwana biyu bai ce uffan ba.

4/ Wata gwaggonmu ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a kam kullum muna yi. Amma Gwaggo, aljani ne ya goge allon?

5/ Abin da ya fi ƙona min rai, abin da muka roƙa ba ya cin ko sisi. A ba shi kwafin darasi a takarda. A ware malami ɗaya da zai riƙa zuwa wurinsa in abu ya rikice. A bar shi ya zauna a laburare lokacin tara. Amsar da muka samu: "in muka yi masa, kowa zai nema." Haba malam! Mai gilashi ma ai ba kowa ake saya wa ba.

6/ Kuma ba alfarma ba ce fa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce suna da haƙƙin karatu ba tare da wariya ba. Dokar UBE ta 2004 kuma ta sa JSS cikin karatun dole.

7/ Mu ma mun yi sakaci, ba zan ɓoye ba. Ranar farko kawai muka ajiye shi a bakin ƙofa. In ƙaninku yana aji shida, ku kai shi sabuwar makarantar tun ana hutu, ya ga ajinsa, ya ga banɗaki, ku ɗau hotuna ya riƙa kallo a gida. Ku manna masa jadawalin darasi a bango. Ku sayi takalmi mai mannewa.

8/ Litinin zan koma wurin shugaban makarantar, da dokar a hannuna. Wanda ya taɓa yin irin wannan zaman, ya faɗa min yadda ya shawo kansu.