Buhun Shinkafa Ba Shi Ne Riƙon Maraya Ba

Wani marubuci ya ce wai bincikar tallafin marayu a unguwannin zango na Nima da Maamobi a Accra tozarta masu sadaka ne. Wannan magana ba ta riƙe ruwa ba.

Ya manta da 2010 ne? A shekarar ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya shiga gidan marayu na Osu a ɓoye, ya fito da hotunan duka da sakaci. Gidan gwamnati ne fa, a tsakiyar Accra, inda kayan agaji ba su yanke ba. Ido ne ya yi ƙaranci.

A zango kuwa lamarin ya fi ɓuya, domin yawancin marayu suna hannun kaka ko gwaggo. A raba shinkafa da azumi, a ɗauki hoto, a watse. Wa ke komawa bayan Sallah ya duba ko yarinyar tana aji, ko tana yawo da faranti a kasuwar Nima?

Shirin tallafin gwamnati na LEAP, da ya fara a 2008, ya ɗora wa masu riƙon marayu sharaɗin sa su makaranta. Limamai da sarakunan zango suna iya neman hakan daga kowace ƙungiya, har da rajistar makaranta da katin inshorar lafiya na kowane yaro.