Jirgin Fito Na Masu Shan Iska Ne Kaɗai?

Duk wanda ya taɓa zama a Ikko ya san al'adar ran Asabar da Lahadi. Ma'aikata da 'yan makaranta da Turawan kamfani sukan taru a bakin ruwa wajen Marina ko Falomo, su biya kuɗin fito, jirgi ya tsallakar da su zuwa Tarkwa Bay. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba. Babu hanyar mota, sai ta ruwa. Duwatsun da Turawa suka jera a farkon ƙarni na 20 domin tsare mashigin tashar jiragen ruwa su ne suka kwantar da igiyar teku a wurin, har yaro yana iya wanka. Mutum ya wuni bisa rairayi, ya ci gasasshen kifi, kafin magariba ya komo gida.

Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Wanda ya yi kwana biyar cikin hayaƙin motocin Ikko ya cancanci hutu. Abin da muke so mu tuna wa jama'a shi ne, tsibirin nan ba kango ba ne. Matar da ta gasa kifin, da yaron da ya kafa rumfa ya jera kujeru, da samarin da suka yi suna wajen hawan igiyar ruwa bisa allo, da yawansu can ne gidansu, waɗansu ma can aka yanke cibiyarsu.

To, ran 21 ga watan Janairu, 1920 ba muke magana ba, zamanin mulkin mallaka. Ran 21 ga Janairu, 2020, da safe, sojan ruwa suka sauka Tarkwa Bay suna harbi sama, suka ce kowa ya kwashe nasa ya nasa cikin sa'a guda. Dubban mutane suka yi cirko-cirko a bakin ruwa da katifu da tukwane da 'ya'ya a goye, suna jiran jiragen nan da suka saba kawo musu baƙi su fitar da su. Daga baya aka rushe gidaje. Waɗansu ƙauyukan tsibiran da ke kusa sun riga sun ga irin wannan tun cikin Disamba, 2019.

Hujjar da hukuma ta bayar ita ce ana fasa bututun mai da ya taso daga ma'ajiyar Atlas Cove ana sata. Ba mu musa ba, satar mai gaskiya ce, tana kuma jawo gobara. Amma tun yaushe aka fara hukunta gari ɗungum saboda ɓarawo yana cikinsa? Ina amfanin 'yan sanda, ina amfanin alƙali? Wanda yake da injin zuƙo mai da jirgin ɗaukarsa da mai saye a birni, lalle ba tsohuwa mai sayar da kwakwa ba ce. Ita aka kora, gama ita ce ba ta da kowa a ofis.

Abin takaici kuma, an riga an yanke shari'a a kan irin wannan. Bayan an tashi mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, Babban Kotun Jihar Ikko ya yanke a watan Yuni, 2017, cewa korar mazauna bakin ruwa ba tare da an shawarce su an kuma tanadar musu matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki. Za a ce mana sojan ruwa na Gwamnatin Tarayya ne, ba na Jiha ba. Wannan amsa ta ishi lauya, ba ta ishi wanda ya kwana a ƙarƙashin gada ba.

Makonni kaɗan bayan korar, cikin Fabrairu, 2020, Gwamnatin Jiha ta yi bikin ƙaddamar da jiragen fito nata. Madalla. Sai dai mutanen tsibirai da yawa ƙananan jiragen 'yan kasuwa suka ci gaba da hawa, dare da rana. Ran 8 ga Yuli, 2022, jajibirin Babbar Salla, wani jirgi ya tashi daga Mile 2 da almuru za shi Ibeshe, ya kife, mutum fiye da 15 suka rasu, mata da yara a ciki. Su ba shan iska za su ba, gida za su.

Masu yawon hutu sun koma Tarkwa Bay, kuma ba mu ce su daina ba. Gwamnati muke tambaya. Ta fito ta faɗa wa jama'a mutum nawa aka kama da satar mai a wurin, nawa kuma aka kai gaban alƙali. Ta buga sunayen unguwannin da aka zaunar da waɗanda aka kora, da abin da aka biya kowane magidanci. Sa'an nan ta sa jirgin fito na hukuma, mai lokaci tsayayye da rigunan tsira da kuɗin da talaka zai iya biya, ya riƙa tsayawa a tsibiran da mutane ke kwana, ran Litinin kamar ran Lahadi. Wakilanmu za su kai waɗannan tambayoyi gaban Majalisa, amsar da aka ba su kuwa za mu buga ta a wannan shafi yadda take.