Makin firaktikal: kamara ake yi wa maki ko ƙwaƙwalwa?

'Yan uwana 'yan Arewa da ke karanta Maskom a nan Kudu. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai bari in amayar da shi.

Semestar da ta wuce aka raba mu gurup-gurup, mutum shida-shida, kowa ya haɗo dokumentari na minti 5. Mu muka zaɓi masu sauke tumatir da albasa daga tirelolin da ke zuwa daga gida. Sai da muka nemi izinin shugaban kasuwa, muka je leƙen wurin sau biyu, muka gano da asuba ake saukewa, don haka dole mu yi lissafin haske. Muka rubuta sikirif, muka jera hotunan da za mu ɗauka ɗaya bayan ɗaya, muka ware ranar ko-ta-kwana saboda ruwan Kudu ba ya sallama. Da waya muka ɗauka, muka tace a CapCut.

Wani gurup kuwa karo-karo suka yi, suka ɗauko hayar kamara da mai tacewa daga cikin gari. Ranar nunawa hoto tas, aji ya ɗau tafi. Suka tashi da A, muka tashi da C. Babu wanda aka ce ya kawo ko falle ɗaya na takardar shiri.

Wallahi ba hassada ba ce. Namu ma yana da aibi, ƙarar janareto ta danne muryar wani dattijo, kuma mun cancanci a rage mana a nan. Na kuma san malamin da ke da aji cike maƙil ba zai bi kowa kasuwa ba. Amma idan fim ɗin ƙarshe kaɗai ake kallo, to aljihu ake aunawa. Kyan hoto ana sayensa. Tsari da fikira kuwa sai wanda ya zauna ya yi.

Wasu za su ce ai fikira ba ta aunuwa. Tana aunuwa mana, da tambaya ɗaya: me ya sa? Me ya sa ka buɗe da hannun ɗan dako maimakon fuskarsa? Me ya sa ka yanke a nan? Wanda ya yi aikin zai amsa nan take, wanda ya biya aka yi masa sai kame-kame.

A ganina, in makin 30 ne, a ba takardun shiri 10, wato sikirif, jerin hotuna, jadawali da kasafin kuɗi. Fikira da yadda aka gina labari 10. Sauti da hoto 5. Sauran 5 a tsayar da kowane ɗan gurup ya kare abin da ya yi, don 'yan "sa sunana" su shiga taitayinsu. Kuma a faɗi wannan rabon tun ranar da aka ba da aikin. Tunda NUC ta raba Maskom gida bakwai a 2020, har fim da harkar rediyo da talabijin suka samu kwas nasu, ai ya kamata awon ma ya canza.

Mu ma da namu laifin. Sau nawa ɗan Arewa ke kawo labarin, ya yi tafinta, ya riƙe jaka, ranar kare aiki ya koma bayan aji saboda kunyar Turancinsa? Ɗan uwa, 'yar uwa, ku daina. Ku adana kowace takarda da kwanan wata, ku haɗa da fim ɗin ko ba a nema ba. Ku sa wakilin aji ya roƙi malam tsarin maki cikin ladabi.

A makarantarku ya ake yi? Allah ya ba mu sa'a.